Kiwon kaji a gida ba tare da kin ɓata da maƙwabta ba

Shekara 6 ina kiwon kaji a gidanmu nan Pantami, Gombe, kuma abin da na fahimta shi ne maƙwabciya ba za ta zo ta ce miki kajinki sun dame ta ba. Kawaici za ta yi, ta haɗiye, ku gaisa da dariya, alhali zuciyarta cike take. Ni sai da kajina suka tone wa wata dattijuwa da muke katanga ɗaya shanyar masararta sau uku kafin jikarta ta faɗa mini, wallahi ranar ko barcin kirki ban yi ba. Dan haka kar ki jira ƙorafi, ke za ki fara zuwa.

Tun kafin ki kawo kajin ki shiga gidajen da ke kusa, ki ce "Inna, zan ɗan fara kiwo, dan Allah duk ranar da suka yi ɓarna a aiko yaro ya faɗa mini, ba zan ji haushi ba." In kuma an aiko ɗin, to kar ki tsaya musu wai ba naki ba ne. Ki je da ƙafarki ki ba da haƙuri, in gero suka ci ko alayyahu suka tsattsage ki biya, ko an ce a bar shi ki aika da wani abu daga baya.

Akurki kuwa kar ki jingina shi da katangar ɗakin kwanan mutane. Mu da yawa muna kai shi can lungu dan ya yi nisa da namu ɗakin, mun manta bayan lungun nan tagar wani ce. Ki zuba dusar katako ko ɓuntun shinkafa a ƙasa, yana jiƙewa ki kwashe, musamman da damina wajen watan Agusta, lokacin ne wari da ƙuda suke tashi sosai, ke hancinki ya saba ba za ki ji ba amma su suna ji har cikin abincinsu. Ruwan wankin akurki kar ya bi kwata ya kwanta a ƙofar gidan wani. Kashin kajin ki shanya ya bushe ki ɗura a buhu, masu lambu da masu gona nemansa suke, in maƙwabcinki na noma ki ba shi kyauta ma. Dusa da tsaki a rufe a bokiti mai murfi, saboda ɓeran da abincin kajinki ya tara ba a gidanki kaɗai zai tsaya ba.

Masu tsallake katanga, ki rage musu dogayen gashin fiffike ɗaya kawai da almakashi, ba ya musu ciwo in ba ki yanka can ciki ba, kuma ba sa iya tashi sama. Ranar da kika ga an baza shanya a waje, a kulle su. Ki ɗaura musu ƙyalle kala ɗaya a ƙafa ko ki shafa wa 'yan tsaki galura, dan rigimar "wannan kazata ce" ta raba gidaje da yawa.

Sai zakara. Ɗaya ya ishi kaji 10, kuma in ƙwai kawai kike so ki ci, kaza na yi ko ba zakara, ƙyanƙyasa ce ke buƙatarsa. Zakaru huɗu a ɗan tsakar gida sai cara tun kafin asuba, ga mai jego a maƙwabta, ga mara lafiya. Ki rage su, da dare ki sa shi a wuri mai duhu.

Wanda ya fi ci min rai shi ne ciwo. Da hunturu ya shigo cutar nan da likitocin dabbobi ke kira Newcastle take share unguwa, kaza ta yi zawo kore, wuya ya murɗe, kwana kaɗan akurki ya zama wayam. Rigakafinta Lasota ake sawa a ruwan sha duk wata 3, kwalba ɗaya ta kaji 100 ce ko fiye, tana son sanyi, kuma in an haɗa ba a ajiye ta sai an ba su cikin awa 2. Kin ga ke mai kaji 15 asarar sauran za ki yi, gara ku haɗa kuɗi da matan layinku ku yi rana ɗaya. Kazar da kika sayo a kasuwa ki ware ta sati 2 kafin ta shiga cikin sauran. Wadda ta mutu a haƙa rami mai zurfi a binne, dan Allah a daina jefawa a bola, kajin wasu a can suke kiwo.

In sun fara ƙwai, ki sa guda biyar a kwano yaro ya miƙa wa wadda take jure carar zakaranki. Ni dattijuwar nan yanzu in na yi tafiya ita take zuba musu ruwa, kuma tana ganin shirwa na shawagi za ta ƙwala mini kira ta saman katanga.