Yadda Ake Sarrafa Radar Jirgin Ruwa da Kula da Ita Cikin Aminci

Babban haɗarin rada a jirgin ruwa shi ne ba ta sanar da mai aiki da ita lokacin da ganinta ya fara rauni. Idan ƙarfinta ya ragu, ko aka saita ta ba daidai ba, allonta yakan fito fes babu ɗigo ko ɗaya, hafsan da ke ɗakin tuƙi kuma ya ɗauka cewa teku ce babu kowa, alhali kwalekwalen masunta yana gabansa. Saboda haka duk matakan da za a bayyana a nan manufarsu guda ce, wato a riƙa tilasta wa na'urar ta nuna cewa tana gani, kafin a yarda da abin da take nunawa.

Ya kamata a fara da sanin irin radar da ke cikin jirgin. Yarjejeniyar SOLAS ta 1974, wato yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan kare rayuka a teku, a babi na biyar, ta wajabta wa duk jirgin fasinja da duk jirgin da girmansa ya kai tan 300 ya ɗauki rada mai gigahaz 9, wadda ake kira zangon X. Wanda ya kai tan 3,000 ana ƙara masa ta biyu, galibi mai gigahaz 3, wato zangon S, wanda ya kai tan 10,000 kuma dole ya samu ARPA, na'urar da ke bin sawun jirage da kanta. Zangon X ya fi fitar da hoto dalla-dalla kuma ya fi rarrabe ƙananan abubuwa, amma ruwan sama mai ƙarfi yana rufe masa ido. Zangon S ya fi ratsa ruwan sama da hango nesa. Hafsan da yake da su biyun bai kamata ya saita allonsu a kan nisan hange ɗaya ba.

Kafin a kunna

Kada a taɓa maɓalli sai an fita an ɗaga kai an dubi eriya da ido. A tabbata babu mutum a kan turken da take, babu igiyar tuta ko tsani ko bokitin fenti da aka bari a hanyar juyawarta, kuma babu takardar gargaɗi da wani ya rataya a jikin allon yana cewa ana aiki a sama. Eriyar takan yi juyi 20 ko fiye a minti guda, kuma bugunta ya isa ya jefo mutum ƙasa. Idan jirgin dakon mai ne yana lodi ko sauke kaya a tasha, ba a kunna rada ko gwada ta sai an tuntuɓi masu kula da tashar.

Bayan an ba ta wuta, radar da ke aiki da magnetiron, wato sashen da ke samar da siginar da take aikawa, tana bukatar kimanin minti 3 ta ɗumama kafin ta fara aika sigina. Ƙa'idar hukumar IMO, mai kula da sufurin teku ta duniya, ita ce na'urar ta kasance a shirye cikin minti 4 idan daga sanyi aka tashe ta, cikin daƙiƙa 5 kuma idan a matsayin jira take. Wannan ne dalilin da ya sa ake barin ta a matsayin jira idan akwai alamar yanayi zai sauya, domin hazo ba ya jiran minti huɗu.

Saita hoto

A nan ne mafi yawan kuskure yake faruwa, don haka a bi shi a jere kuma a tsanake. Da farko a mayar da maɓallan rage hayaniyar teku da ta ruwan sama zuwa sifili, domin kada a gina saiti a kan abin da wanda ya sauka daga aiki ya bari. A daidaita hasken allo yadda ido zai iya karantawa ba tare da ya kashe ganin dare ba. Sannan a zaɓi nisa mai tsawo, kamar mil 12 na teku, a riƙa ƙara ƙarfin karɓar sigina sannu a hankali har sai ɗigo-ɗigo marasa ƙarfi sun fara bayyana a bayan hoton. A tsaya a nan. Waɗannan ɗigogin su ne shaidar cewa na'urar tana sauraro iyakar ƙarfinta, kuma hafsan da ya goge su gaba ɗaya don hoto ya yi kyau ya goge ƙananan jirage tare da su.

Daga nan sai a duba daidaiton mitar sigina tsakanin sashen da ke aika ta da wanda ke karɓarta. Yawancin na'urorin yanzu suna yin wannan da kansu, amma yana da kyau a dubi ma'aunin a ga ya cika, a kuma gwada da wani abu mai nisa wanda siginarsa ba ta da ƙarfi.

Sai a sauko zuwa nisa gajere, mil 3 ko 1.5, a fuskanci hayaniyar teku, wato farin dandazon da raƙuman ruwa suke haifarwa a tsakiyar allo. A ƙara maɓallin rage ta kaɗan-kaɗan har dandazon ya wargaje ya koma ɗigogi masu ɓullowa suna ɓacewa, amma kada a kai ga share su. Ɗigon raƙumin ruwa yana sauya wuri a kowane juyin eriya, shi kuwa na jirgi ko tulun alama, wato alamar hanya da ke shawagi a kan ruwa, yana dawowa wuri ɗaya, kuma da wannan bambanci ake tsamo shi. Maɓallin ruwan sama ba a taɓa shi sai ana ruwa, da zarar an ɗauke kuma a mayar da shi. Ni a ganina saitin da na'ura ke yi da kanta ya dace da buɗaɗɗiyar teku kawai. Kusa da gaɓa, inda ƙananan jirage suke, hannun mutum ya fi aminci. Kuma saitin ba na dindindin ba ne, domin iska tana sauyawa, teku tana tashi tana kwanciya.

Wannan magana tana da nauyi na musamman a Mashigin Gini. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yana saukowa har bakin teku ya rage gani a hanyoyin shiga Legas da Kwatano da Lome da Tema, a ruwan da masunta suke cika shi da kwalekwalen katako. Katako ba ya mayar da siginar rada da kyau, kwalekwalen yana ƙasa-ƙasa da ruwa, sau da yawa kuma babu fitila a cikinsa balle na'urar AIS, wadda ke sanar da sauran jirage sunan jirgi da inda yake. Irin wannan ba ya fitowa sai an matso ƙwarai, a daidai yankin da hayaniyar teku take, wato wurin da hannu mai nauyi a kan maɓalli yake shafe komai.

Tabbatar da gaskiyar abin da take nunawa

Hoto mai kyau bai isa ba sai an gwada shi da abin da ido ya gani. A zaɓi wani abu ƙarami tsayayye, kamar hasumiyar fitila, a ɗauki kusurwarsa da kamfas, a kwatanta da wadda rada ta bayar. Bambancin bai kamata ya wuce digiri ɗaya ba. A duba cewa alkiblar da ke kan allo ta yi daidai da ta babban kamfas na jairo, layin goshin jirgi kuma yana kan tsakiyar jirgin. A gwada zoben awon nisa mai motsi da zobba tsayayyu. Lokaci-lokaci a danne layin goshin na ɗan daƙiƙu, domin ƙaramin abu yana iya ɓuya a ƙarƙashinsa.

Akwai kuma na'urar gwajin ƙarfi da ke cikin radar kanta. A kunna ta kafin jirgi ya tashi daga tasha, da kuma sau ɗaya a kowane zangon aiki na awa 4, a kwatanta sakamakon da wanda aka rubuta ranar da aka sa sabon magnetiron, a shigar da shi littafin rada. Ita ce kaɗai hanyar gane rauni a tsakiyar teku inda babu wani abin gwaji.

Kowane jirgi yana da kusurwoyin da eriya ba ta gani saboda bututun hayaƙi ko turke ko ƙugiyoyin ɗaukar kaya, kuma ana manna zanensu kusa da allo. Sabon hafsa ya haddace su tun ranar farko. Waɗannan ƙarafan kuma sukan haifar da hoton ƙarya, inda jirgi ɗaya zai fito a wuri biyu. Nisan gani ma yana da iyaka: eriyar da ke mita 25 sama da ruwa tana hango fuskar teku zuwa kimanin mil 11 ne, abin da ya wuce haka sai in yana da tsayi.

Kauce wa karo

Dokokin kauce wa karo a teku na 1972 sun yi magana kai tsaye. Doka ta 5 ta ce a yi tsaro da ido da kunne da duk wata hanya da ake da ita, don haka rada ba ta sauke wa kowa nauyin leƙa taga. Doka ta 7 ta bukaci a riƙa duba nesa don samun gargaɗi da wuri, ta kuma hana yanke hukunci a kan bayani ƙalilan, musamman na rada. A aikace, a riƙa sauya nisa tsakanin mil 12 da 6 da 3 gwargwadon cunkoso da gudun jirgi, a kama duk jirgin da ya bayyana tun yana nesa.

Idan an kama jirgi da ARPA, a ba ta lokaci. Cikin minti guda tana nuna inda ya dosa ne kawai, sai bayan minti 3 lissafinta na mafi kusancin da za a yi da lokacin da za a yi shi yake zama abin dogaro, kuma duk sanda ɗaya daga cikin jiragen ya juya, lissafin yakan rikice na ɗan lokaci. A duba irin gudun da aka shigar mata: don kauce wa karo ana amfani da gudun jirgi a cikin ruwa, domin gudun da GPS ke bayarwa yana haɗe da jan igiyar ruwa, yana iya nuna jirgi yana fuskantar inda ba nan goshinsa yake ba. Bayanin AIS taimako ne, amma abin da ɗaya jirgin ya faɗa game da kansa ne, rada kuwa abin da aka auna ne.

Masu koyar da aikin teku har yau suna kawo abin da ya faru daren 25 ga Yuli 1956 kusa da tsibirin Nantaket na Amurka, lokacin da jirgin fasinja na Italiya, Andrea Doria, ya yi karo da Stockholm na Suwidin. Kowannensu ya ga ɗan'uwansa a rada tun da sauran nisa, amma kowanne ya fahimci hoton ta wata fuska dabam. Na Italiya ya karkata hagu, na Suwidin ya karkata dama, suka haɗu. Mutum 51 suka rasu, Andrea Doria kuma ya nutse washegari. Doka ta 19 ta yanzu ta ce idan gani ya ragu kuma da rada kaɗai aka gano jirgin da ke gaba, a guji karkata hagu, sai dai in wuce shi ake yi. Juyin da za a yi ya zama babba kuma da wuri, yadda ɗaya jirgin zai gan shi ƙarara a nasa allon.

Abu ɗaya da bai kamata a manta ba: na'urar neman ceto ta SART a zangon X kaɗai take fitowa, a matsayin jerin ɗigo 12 a layi ɗaya. Wanda ya kashe zangon X ya dogara da S ba zai ga masu neman agaji ba.

Kula da na'urar

Duk aikin da zai kai mutum wurin eriya yana farawa ne da takardar izinin aiki a sama da sanin hafsan da ke kan aiki. A kashe radar daga tushen wutarta, a kulle makunnin, a rataya gargaɗi a allo, a kashe makunnin tsaro da ke jikin eriyar, mai hawa kuma ya ɗaura ɗamarar tsaro. Idan akwai rada ta biyu kusa, ita ma a tsayar da ita, domin siginar da ke fita daga fuskar eriya tana da illa ga jiki, musamman ido, ga wanda ya tsaya dab da ita.

Fuskar eriya tana tara gishiri da baƙin hayaƙi, a lokacin hunturu kuma har da ƙura, duk suna rage ƙarfin sigina. Ruwan daɗi da tsumma mai laushi sun wadatar. Kada a kankare ta, kada a sa mata sinadari mai ƙarfi, kuma kada a yi mata fenti ko kaɗan; sai an ja kunnen ma'aikatan da ke fentin turke a kan wannan tun kafin su hau. A duba ko akwai tsaga, a gwada ƙusoshin gindi, a dubi robar da ke hana ruwa shiga da wayar da ke sauke wuta zuwa jikin jirgi, domin tsatsa takan cinye ta. Man giya da bel da sauran kayan injin juyawa ana bin jadawalin kamfanin da ya ƙera su. A ɗakin tuƙi kuma a riƙa share matatar iskar fanka, domin zafi yana gajarta rayuwar kayan lantarki.

Cikin akwatin mai aika sigina ba wurin kowa ba ne. Akwai wuta mai dubban bolt, kuma wasu sassan suna riƙe ta bayan an kashe na'ura, saboda haka jami'in lantarki na jirgi ko ƙwararren da kamfani ya turo ne kaɗai zai buɗe. Magnetiron yana da maganaɗisu mai ƙarfi, don haka a nisanta shi da agogo da kamfas da mai na'urar bugun zuciya a ƙirji. Yana da adadin awoyin aiki, dubbai ne, kuma ƙarfinsa yana raguwa a hankali tun kafin ya mutu. A riƙa rubuta awoyin, a nemi sabo kafin lokaci ya cika, bayan an sauya kuma a sake ɗaukar sakamakon gwajin ƙarfi a matsayin sabon ma'auni.

Idan radar ta lalace ana cikin tafiya, a sanar da kyaftin nan take, a ƙara masu tsaro da ido, a rage gudu zuwa abin da yanayin gani zai ɗauka, a rubuta lokaci da abin da ya faru. Kafin shiga tasha a sanar da hukumarta da matuƙin da zai hau ya shigar da jirgin. Masu binciken jirage a tashoshin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, waɗanda ke aiki ƙarƙashin yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Abuja a 1999, suna iya neman a kunna radar a gabansu su kuma duba takardun gyaranta, kuma lalacewar da ba a bayar da rahotonta ba tana iya sa a tsare jirgi har sai an gyara.