Yadda ake haɗa sabwufa da saita ta a ɗaki

Kunnen mutum yana jin sauti daga kusan 20 zuwa 20,000 Hz, wato yawan karkarwar da iska ke yi a daƙiƙa ɗaya. Sabwufa, wato lasifikar da ke fitar da sauti mai kauri, ba ruwanta da mafi yawan wannan zango. Aikinta yana can ƙasa, daga 20 zuwa kusan 200 Hz, inda rugugin tsawa da amon babbar ganga suke. Ana amfani da ita a gidajen silima, da filayen kiɗa, da motoci, da falon gida. Tun a 1974 aka girke manyan irinta a gidajen silima don fim ɗin Earthquake, har kujerun 'yan kallo suna girgiza.

A cikin akwatin akwai maganaɗisu, da naɗin siririyar waya a tsakiyarsa, da faifai mai siffar mazurari manne da naɗin. Amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, ta turo wuta mai juyawa gaba da baya, naɗin ya motsa, faifan ya tura iska ya jawo ta. Yawancin lasifikoki haka suke aiki, sai dai sauti mai kauri ba ya fita sai an motsa iska da yawa. Shi ya sa faifan sabwufa ke kai inci 8, 10 ko 12, na filin kiɗa kuma har 18.

Mataki na farko, ka duba wace iri ce a hannunka. Idan tana da wayar da ake jonawa a soket, amfilifayarta na cikinta. Idan babu, sai ka nemo mata amfilifaya daban mai ƙarfin da ya dace da ita. Ka kuma duba ko akwatin a rufe yake ruf ko yana da rami. Mai rami ya fi ƙara, amma kada a manna ramin da bango.

Na biyu, ka kashe komai, sannan ka haɗa wayar RCA, mai zagayayyen kai da tsinke ɗaya a tsakiya, daga kafar da aka rubuta SUB OUT ko LFE a bayan na'urar sautinka zuwa sabwufar. A tsarin 5.1, wato mai lasifikoki biyar da sabwufa ɗaya, wannan 1 ɗin na ƙarshe nata ne.

Na uku shi ne wurin ajiya, kuma a nan mutane suka fi yin asara. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka igiya ɗaya ta sautin 40 Hz ta kai tsawon mita takwas da rabi, ta fi yawancin ɗakuna tsawo. Idan ta bugi bango ta dawo, sai ta haɗu da mai fitowa. A wani wuri su ƙarfafa juna, a wani su kashe juna. Abin da ya sa ke nan wani yana kan kujera yana cewa bai ji komai ba, na gefensa kuwa ƙirjinsa na rawa. Ƙara murya ba ya maganin wannan.

Dabarar ita ce ka ɗora sabwufar a kan kujerar da ka saba zama, ka kunna kiɗa mai amon ƙasa da ke maimaituwa, ka bi gefen bango da rarrafe kana saurare. (Wanda ya shigo ya same ka haka zai yi dariya, ka ƙyale shi.) Inda ka ji sautin ya fito tas, kowane bugu daban da na bayansa, nan ne mazauninta. Kusurwa tana ƙara mata ƙarfi sosai, amma sau da yawa sai amon ya koma gunji kawai.

Na huɗu, maɓallan da ke bayanta. Wanda aka rubuta Crossover shi ke yanke iyakar da za ta tsaya ta bar wa sauran lasifikoki. Ka fara da 80 Hz, ma'aunin da THX, kamfanin tantance ingancin sautin silima, ya tsayar, domin ƙasa da nan kunne ba ya iya gane ta ina sauti ke fitowa. Idan sauran lasifikokinka ƙanana ne, ka ɗaga zuwa 100 ko 120. In na'urar sautinka ce ke yin wannan yanka, ka murɗa na jikin sabwufar zuwa lamba mafi girma don kada a yanka sau biyu.

Maɓallin Phase, wanda ke juya motsin faifan don ya dace da na sauran lasifikoki, yana da 0 da 180. Ka zauna a kujerarka wani ya riƙa canzawa, ka bar shi inda amon ya fi cika.

Murya kuwa, ka fara daga ƙasa kana ƙarawa har ka soma jin ta, sannan ka ɗan rage. A ganina, muddin za ka iya nuna inda take ido a rufe, ta yi yawa. Idan tagogi ko ƙasan ɗaki na karkarwa, ka sa mata ƙafafun roba ko tabarmar kumfa mai kauri a ƙarƙashi, musamman in akwai masu zama a benen ƙasa.