Yadda za ka haɗa lissafi da rubutun babi na huɗu a fayil ɗaya da Quarto

Duk wanda ya yi digiri na biyu a Samaru ya san wahalar babi na huɗu, babin sakamakon bincike. Ka yi lissafi a Excel ko SPSS, ka kwafo lambobi ɗaya bayan ɗaya ka zuba a Word, ka gyara jadawali har ya yi kyau, sai sufabaiza ya duba ya ce cire fili biyu ɗin nan da ruwa ya cinye, shikenan matsakaici ya canza, jadawali ya canza, zane ya canza, kuma wallahi sai ka manta wata lamba guda a tsakiyar sakin layi wadda za a kama ka da ita ranar kare kundi. Ni ya same ni, shi ya sa nake damun ɗalibai da wannan hanyar.

Dabarar ta daɗe. Donald Knuth na jami'ar Stanford a Amurka, mutumin da ya ƙirƙiri TeX, manhajar tsara rubutu don bugawa, shi ya kawo ta a 1984: bayani da kod su zauna a fayil ɗaya. Friedrich Leisch ya kawo ta cikin R, manhajar lissafin ƙididdiga, da Sweave a 2002, Yihui Xie ya fito da knitr a 2012, sai Quarto a 2022 daga kamfanin da ke yin RStudio (manhajar da ake rubuta kod ɗin R a cikinta), wanda yanzu sunansa Posit. Quarto za mu yi amfani da shi, don kyauta ne kuma yana fitar da fayil ɗin Word, wanda shi malamanmu suka fi so su yi wa jan biro.

Da farko ka sauke R daga shafin CRAN, sannan RStudio, a haka a jere, R tukuna. Sabon RStudio yana zuwa da Quarto a cikinsa. Zai ɗan ci data, don haka in abokinka ya riga ya sauke karɓa kawai a filashi. Ka buɗe RStudio ka rubuta `install.packages("rmarkdown")` tun kana da intanet, daga nan ko a ƙauye kake aiki zai tafi.

Sai ka buɗe sabon Project daga File, zai yi maka folda guda. Kar ka tsallake wannan, nan mutane suka fi faɗuwa. Bayananka da rubutunka duk su zauna a foldar nan. Mu ce gwajin masara ka yi, irin SAMMAZ ɗin nan na IAR, cibiyar binciken noma ta Samaru, da taki mataki uku. Ka shirya Excel ɗinka kowane fili layi ɗaya, sunayen kai gajeru ba tazara, kamar taki da amfani, kar ka haɗe akwatuna don ado, kar ka rubuta kg kusa da lamba, sannan ka adana shi a matsayin CSV, masara.csv.

Yanzu File, New File, Quarto Document, ka zaɓi Word. Za ka ga saman fayil ɗin akwai layuka tsakanin `---` biyu, nan ne take da sunanka da `format: docx` suke. Wurin nan ba ya son wasa da tazara, in ka tura layi gaba ba dalili zai ƙi aiki. Ƙasa da shi rubutu kake yi kamar yadda ka saba, `#` a farkon layi ya zama babban kai, `##` ƙaramin kai.

Inda kake son lissafi ka danna Ctrl+Alt+I, akwatin kod zai fito. A ciki ka sa `d <- read.csv("masara.csv")`, a wani akwatin kuma `summary(aov(amfani ~ factor(taki), data = d))` ya ba ka ANOVA ɗinka. Zane kuma `boxplot(amfani ~ taki, data = d)`. Jadawali mai tsabta `knitr::kable()` ke yin shi. In ba ka so kod ɗin ya bayyana a takarda, kuma a kundi ba a so, sa `#| echo: false` a layin farko na akwatin.

To ga inda na fi so ka tsaya ka fahimta. Lambobin da ke cikin jimla su ne masu cin amana, don jadawali kowa yana tunawa ya sabunta, jimla kuwa ana mantawa. Maimakon ka rubuta matsakaicin da hannu, a tsakiyar jimlar sai ka sa `r round(mean(d$amfani), 2)` tsakanin alamar nan mai kama da waƙafi a sama wadda ke ƙasan Esc, ɗaya a farko ɗaya a ƙarshe. Kwamfuta ce za ta cike lambar duk sanda ka fitar da takarda. Haka za ka yi wa yawan filaye da `nrow(d)`. Daga yau duk lambar da ta fito daga bayananka kar yatsanka ya buga ta.

Danna Render, ko Ctrl+Shift+K. Zai bi fayil ɗin daga sama har ƙasa, ya yi lissafi, Pandoc, manhajar da ke juya fayil daga wani tsari zuwa wani, ya mayar da shi Word. In ya tsaya da jan rubutu kar hankalinka ya tashi, karanta layin ƙarshe, yawanci sunan fayil ne ka rubuta ba daidai ba ko babban baƙi a wurin ƙarami, R yana bambanta Taki da taki. Sannan Render yana farawa ne daga fanko, abin da ka rubuta a Console, wato tagar da ake ba R umarni kai tsaye, bai san da shi ba, dole komai ya shiga akwati.

Maganar tsarin makaranta, Times New Roman da tazara biyu, ka gyara Styles a fayil ɗin Word guda ka ajiye a foldar, ka nuna shi da `reference-doc:` a ƙarƙashin docx, duk fitarwa za ta ɗauki kamanninsa. Manazarta kuma Zotero, manhajar tara manazarta, zai fitar maka da fayil ɗin .bib, ka sa `bibliography:` a sama, jerin zai gina kansa daga waɗanda ka ambata a cikin rubutu da `[@suna]`.

Masu rubutu da Hausa, in PDF kuke so sai kun sa TinyTeX, ƙaramin TeX, kuma ɓ da ɗ da ƙ kan ɓace in salon baƙaƙen (font) da aka zaɓa ba shi da su, ku sa `mainfont: "Charis SIL"` bayan kun saka shi a kwamfuta.

Abu ɗaya da zai iya rikita ka: sufabaiza zai yi gyara a fayil ɗin Word, kai kuma dole ka mayar da gyaran cikin fayil ɗinka na Quarto, wato .qmd, da hannu, don Render na gaba zai shafe tsohon Word ɗin. Saboda haka kafin ka tura masa ka canza wa kwafin suna ka sa kwanan wata, .qmd ɗin da CSV kuma ka riƙa jefa su a imel ɗinka duk dare.