Yadda Za Ka Zaɓi Inji da Baturin da Za Ka Ɗora wa Kekenka

Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin shiga Keke Napep daga Kawo ko Rigasa zuwa tsakiyar garin Kaduna ya zama abin lissafi ga mai ƙaramin ƙarfi, shi ya sa wasu suka fara tunanin mayar da tsohon kekensu mai tafiya da lantarki. Tunanin yana da kyau, sai dai wanda ya shiga kasuwa ba shiri yakan ɗauko injin da ya fi babbar lamba a jikinsa, alhali ba nan gizo ke saƙar ba.

Inji iri biyu ne. Akwai wanda ake haɗawa a cibiyar taya, akwai kuma wanda ake ɗaurawa wajen feda, irin Bafang BBS02, wanda ya fi tsada kuma yana saurin cinye sarƙa. Tunda yawancin hanyoyin Kaduna ba su da hawa mai tsanani, injin taya mai wat 250 zuwa 350 da bolt 36 ya wadatar. Kafin ka biya, ka duba girman tayarka, ko inci 26 ce ko 28 irin ta tsofaffin kekunan Raleigh da Phoenix, sannan ka auna tazarar bakin da tayar ke zama, wadda galibi milimita 100 ce a gaba, 135 a bayan kekunan zamani masu giya. Idan a gaba za ka sa injin, ƙafar keken ta zama ta ƙarfe, kuma a ƙara ɗan falle mai riƙe sandar injin kada ta juya ta buɗe bakin. Maƙeran Panteka za su iya yanka maka shi.

Baturi ne wurin da bai kamata ka yi rowa ba, domin shi ne yakan fi komai tsada, shi ne kuma aka fi yin algus a cikinsa. Ka ninka bolt (V) da amfiya-awa (Ah) da aka rubuta a jikinsa don sanin yawan wutar da yake riƙewa: 36 sau 10 ya ba ka wat-awa 360, wanda zai kai ka kimanin kilomita 30 idan kana taimakawa da feda. Duk wanda ya yi maka alkawarin kilomita 80 da wannan baturin, ba gaskiya ya faɗa maka ba. Ka ɗaga shi da hannunka ka ji, saboda baturin da aka rubuta wa babbar lamba amma ya yi sakayau abin zargi ne, kuma wasu da tsofaffin ƙwayoyin baturin kwamfuta ake harhaɗa su. Ka tabbata yana da allon kariya na BMS, wanda ke yanke wuta idan caji ya cika. Ni dai na gwammace ƙaramin baturi na ƙwarai a kan babba da ba a san asalinsa ba.

Birki ma a duba shi, musamman irin na sanda, domin ba a ƙera shi don tsayar da keke mai nauyin inji da baturi a guje ba.

Cajar baturi mai bolt 36 tana fitar da bolt 42, kuma mai amfiya 2 tana buƙatar kusan awa biyar kafin ta cika baturi mai amfiya-awa 10, don haka ka yi lissafi da yadda wuta ke zuwa a unguwarku. Kada ka yi caji a ɗakin kwana ko cikin ranar watan Afrilu, kuma da damina ka naɗe mahaɗar wayoyin da salatif kafin ka fita.