Yadda ake tuƙa babur ɗin ruwa a kogin Isa da yadda ake kula da shi

Babur ɗin ruwa, wanda ake kuma kira moton ruwa ko Jet Ski, an ƙera shi ne domin tabkuna da bakin teku inda ruwa yake da zurfi kuma garau. Sunan Jet Ski ma na kamfanin Kawasaki ne, wanda ya fitar da nasa a 1973, yayin da Yamaha ke kiran nasa WaveRunner, kamfanin BRP na Kanada kuma Sea-Doo. Kogin Isa, wato kogin Neja, a Yamai kuwa ruwa ne mai yashi da laka da leda, wanda masunta da masu haƙar yashi da masu wanki da masu tsallakar da mutane zuwa Harobanda suke neman abincinsu a cikinsa tun kafin wannan na'ura ta iso. Saboda haka duk wanda ya sayi babur ɗin ko ya karɓi haya, wajibi ne ya gyara abin da littafin kamfani ya ce ya dace da wannan kogi.

Mataki na farko shi ne fahimtar abin da ke tafiyar da shi, domin yawancin haɗurra daga rashin sanin wannan suke tasowa. Babur ɗin ruwa ba shi da farfela a waje kamar injin da ake ɗaura wa kwalekwale. A ƙarƙashinsa akwai wata kafa mai ragar ƙarfe, inda famfo yake zuƙo ruwa, farfelar ciki ta matsa shi, ya fita da ƙarfi ta bakin bututun da ke baya. Idan ka juya kan babur, wannan bakin bututu ne yake juyawa, wato ruwan da ke fita shi ne yake tura ka gaba, shi ne kuma yake karkata ka. Ma'anar haka ita ce da zarar ka saki totur, juya kai ba zai yi maka wani amfani ba, babur zai ci gaba da zamewa zuwa inda ya nufa. Wanda ya saba da moto a kan kwalta, in ya ga haɗari hannunsa yakan saki totur da kansa, kuma wannan sabo ne ke kai shi ya daki abin da yake gudu. Na taɓa ganin haka da la'asar kusa da gadar Kennedy: wani saurayi ya hango kwalekwale ɗauke da kabewa, ya saki totur, ya murɗa kai har ƙarshe, amma babur ya miƙe sak ya goge gefen jirgin. Allah ya kiyaye ba a yi rauni ba, sai dai kabewa biyu da ruwa ya tafi da su, da kuma maganar da mai jirgin ya faɗa masa, wadda ba ta rubutuwa. Abin da ya kamata ya yi shi ne ya riƙe totur daidai gwargwado, ya juya. Game da birki kuma, tsofaffin ƙira ba su da shi sam. Sea-Doo ne ya fara sa shi a 2009, Yamaha ya biyo baya da nasa tsarin, kuma ko mai birkin ma yana buƙatar tazara mai tsawo kafin ya tsaya.

Mataki na biyu a kan tudu ake yin sa, kafin tayar tirelar da ake ɗora babur a kai ta taɓa ruwa. Ka ɗaga sirdi ka bar ɗakin inji a buɗe na ƴan mintuna, ka sunkuya ka sansana. In ka ji warin fetur kada ka kuskura ka tayar, domin tururin fetur yana taruwa a wurin da yake rufe, kuma tartsatsi ɗaya ya ishe shi, balle a zafin Afrilu da ma'auni ke wuce digiri 40. Ka duba man inji, ka taɓa wayoyin batir ka ji ko sun yi sako-sako, ka leƙa ragar ƙasa ko akwai tsakuwa ko igiya, sannan ka matsa totur ka tabbata yana komawa da kansa. Abu na ƙarshe, wanda shi ne aka fi mantawa, shi ne matosan da ke can baya ƙasa, waɗanda ake kwancewa don tsiyaye ruwa bayan an fito. In ba a mayar da su an ɗaure ba, babur zai fara shan ruwa tun yana bakin gaɓa, mai shi bai sani ba sai ya ji ya yi nauyi a tsakiyar kogi.

Fetur kuma a saye shi a gidan mai. Na kwalba da ake sayarwa a bakin titi yana iya ɗaukar ruwa ko datti, kuma injin da ya mutu a kan hanyar Gamkalle turawa ake yi, wanda ya mutu a kogi kuwa ruwa ne ke tafiya da shi. Ƙa'idar da matuƙa jiragen ruwa ke bi ita ce a raba tanki uku: kashi ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya kuma ajiya.

Na uku, shirin jiki. Kowa da ke kan babur ya sa rigar hana nutsewa, wato jile, daidai jikinsa, a ɗaure dukkan maɗauranta. Gwaninta a iyo ba ta amfanar wanda ya daki ruwa da gudu ya suma. Igiyar makulli a ɗaura ta a wuyan hannu ko a jikin jile, domin ita ce ke kashe inji nan take idan ka faɗi, in ba haka ba babur zai tafi ya bar ka, ko ya je ya afka wa masu wanki. Babbar riga da rawani da mayafi mai tsawo a bar su a mota, saboda famfo yana iya janyo duk abin da ya sauka kusa da raga. Akwai kuma wata magana da kunya ke hana faɗa, alhali kamfanonin da kansu sun rubuta ta a jikin babur: ruwan da ke fita ta baya yana da ƙarfin da zai iya shiga jikin wanda ya faɗo ta baya ta ƙasansa, ya yi masa mummunan rauni a ciki. Don haka duk mai hawa, musamman wanda aka goya, ya sa wando mai kauri irin na masu ninƙaya a ƙasan ruwa, ba ɗan siririn wandon ƙwallo ba. A sa waya cikin leda mai rufi, a rataya usur a jile, a kuma shaida wa wani a gida inda aka nufa da lokacin dawowa. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce.

Na huɗu, karanta kogin, kuma a nan ne Isa ya fi bambanta da abin da ke cikin littafi. Ruwansa yana cika sau biyu a shekara a Yamai. Akwai jan ruwa na damina, wajen Agusta da Satumba, wanda rafuffukan Sirba da Dargol da Gorouol ke kawowa da jar laka, kuma shi ne ya yi ɓarnar da ba a manta ba a 2020. Wannan ruwa yana da gudu, yana ɗauke da itatuwa da tarkace, ba a ganin komai a cikinsa, kuma a ganina lokacin ajiye babur ne gaba ɗaya. Sai kuma ruwan da ke fitowa daga Gini, wanda yake daɗewa a fadamun Mali kafin ya iso, ya kai ƙarshen cikarsa wajen Janairu. Shi ya fi kwanciya kuma ya fi dacewa da mai koyo. Daga Afrilu zuwa Yuni ruwa yana janyewa, tsibiran yashi da duwatsu su fito, har ma a Yunin 1985 kogin ya daina gudu a Yamai. A irin wannan lokaci wurin da ka bi lafiya watan jiya yana iya zama iya gwiwa yau. Kamfanoni suna cewa kada a tayar da inji a ruwan da bai kai santimita 60 zuwa 90 ba, gwargwadon ƙira; hanya mafi sauƙi ita ce ka tura babur da hannu har ruwa ya kai maka ƙugu, ka girgiza shi kaɗan don yashin da ya maƙale ya zube, sannan ka hau. Wajen dawowa ma a kashe inji tun da sauran zurfi. Hawa gaɓa da inji a kunne, wanda samari ke yi don burge ƴan kallo, yashi ne ake ɗura wa famfo.

Wanda ya fi kowa sanin inda dutse yake da inda dorina ke kwana shi ne masunci, saboda haka a yi masa sallama a tambaye shi. Dorina tana nan a wannan kogi, daga wajen Ayorou har kusa da gari, kuma wadda take da ɗa ba ta ƙaunar ƙarar inji. In aka hango kunnuwa da hanci a saman ruwa, a juya tun daga nesa. A nisanci madatsar Gudel, ko ta samanta ko ta ƙasanta, domin ruwan da ke zubowa daga irin wannan madatsa yana nannaɗewa ya riƙe abin da ya faɗa ciki. Ƙafafun gadoji ma ruwa yana murɗawa a jikinsu, sai a bi tsakiyar kafa a hankali. In babu madatsa a bayanka, ka fara tafiya da fuskantar inda ruwa ke fitowa, domin in inji ya mutu ruwa ya dawo da kai wajen da ka tashi. Tafiya mai nisa daga gari kuma, a halin tsaron da ake ciki, ba a yin ta sai an ji ta bakin jandarmomin da ke sintiri a kogi, kuma su ne za a tambaya game da takardun da ake buƙata.

Na biyar, zama da jama'a a kan ruwa. Kwalekwalen yashi in ya cika, abin da ya rage tsakanin bakinsa da ruwa bai wuce tafin hannu ba, kuma taguwar da babur ke tayarwa ta isa ta cika shi. A rage gudu tun daga nesa, a wuce ta bayansa. Gora ko robar da ka gani tana yawo wuri ɗaya alamar kalli ce ko mamari, kayan kamun kifi, wato jarin wani ne, kuma igiyarsa in ta naɗe sandar famfo ta tsayar da kai cak. In kun yi gaba da gaba da wani jirgi mai inji, kowa ya karkata damansa. Kafin kowace juyawa a waiga, domin madubi ba ya nuna komai da komai. Babur ɗin ruwa ba shi da fitila, don haka a fito kafin magariba, haka kuma in hazon hunturu ya rufe ɗaya gaɓar. Kada a ba yaro tuƙi, kada a ɗauki fiye da adadin da aka rubuta a jiki.

In an faɗi, a iyo zuwa bayan babur a hau ta nan, domin hawa ta gefe kifar da shi yake yi. In ya kife, akwai hoto manne a bayansa da ke nuna ɓangaren da ake birkito shi. In aka juya ta ɗaya ɓangaren, ruwan salansa yana iya gangarawa cikin inji. In kuwa ka ji inji yana kuka amma babur ba ya ja, ko yana kakkarwa, kusan kullum leda ce ko kainuwa ta toshe raga. A kashe, a cire igiyar makulli, sannan a sa hannu. Babur ɗin da aka ja da wani jirgi kuma a ja shi sannu, saboda jan gudu yana tura ruwa cikin salansa. Duk wannan shiga ruwa yana da nasa sakamako: kogin yana da tsargiya, wanda ya ga jini a fitsari bayan ƴan makonni ya je likita.

Na shida, bayan an fito, kuma nan ne tsawon ran inji yake. Wasu suna cewa wankin ciki na masu ruwan gishiri ne kawai, amma lakar Isa tana bushewa a cikin ƙananan hanyoyin sanyaya inji ta toshe su. Ana haɗa tiyo a kafar da aka tanada, kuma jerin aikin ba ya canzawa: a tayar da inji tukuna, sannan a buɗe ruwa, a bar shi kamar minti biyu, a rufe ruwa tukuna, a ɗan taɓa totur don sauran ruwa ya fita, sannan a kashe cikin ƴan daƙiƙu. Wani makanike da ya sha buɗe irin waɗannan injina ya taɓa cewa wani mai babur a gabana, "Alhaji, yaronka ya buɗe famfo kafin ya tayar, ruwa ya cika silinda, yanzu wankin da ya yi maka ya fi shekara guda na yawo tsada." In aka yi zargin ruwa ya shiga, kada a yi ta danna sitata, domin ruwa ba ya matsuwa, sandar fistin ce za ta lanƙwashe. A cire buji, a fitar da ruwan, a canza mai a ranar, kuma man da ya koma kalar shayi da madara shaida ce cewa ruwa ya gauraya da shi.

Daga nan a kwance matosai, a ɗaga gaban tirela ruwa ya tsiyaye, a bar sirdi a ɗage ɗakin inji ya bushe. Man inji da matatarsa ana canza su bisa awannin da littafin ƙirarka ya faɗa, yawanci tsakanin awa 50 zuwa 100, ko sau ɗaya a shekara ko da ba a kai ba. Abin da yashi ya fi ci shi ne zoben da ke kewaye da farfelar ciki. In ka haska tocila ta baya ka ga tazara ta buɗe ko gefen farfela ya yi gibi, shi ya sa babur ke shan mai ba ya gudu. Tun da kayan gyara ba a samun su a kowane shago a Yamai, yana da kyau a ajiye zobe ɗaya da buji na ko-ta-kwana. In za a ajiye babur tsawon damina, a sa shi a inuwa a lulluɓe, a cire batir a riƙa caja shi wata-wata, a leƙa ƙarƙashin sirdi lokaci-lokaci saboda ɓeraye suna son wayoyin, kuma tsohon fetur da ya yi watanni a tanki a zuƙe shi kafin a koma kogi a Disamba.