Kafin ka fassara "ƙasa" zuwa Turanci, taɓa ta tukuna

'Yan'uwa masu koyon Turanci, ga dabarar da ta rage min wahala. Kada ka haddace kalmomin a jere. Tambayi kanka: in na damƙi ƙasar nan, me zan ji a hannu?

In ta shuka ce, mai taki, soil ce.
In ta sha ruwa ta zama taɓo, tana riƙe takalmi bayan ruwan Agusta, mud ce.
In yumɓu ne mai danƙo da ake gina tukunya, clay.
Yashi sand, ƙura dust.

Dalili shi ne, mu kalma ɗaya muke amfani da ita. Gona ƙasa, Najeriya ƙasa, inda ka taka ma ƙasa. Bature ya rarraba su. Shi ya sa wanda ya faɗi a ƙasa, on the ground ya faɗi.

Inda dabarar ke ba ka kunya: dirt. Ainihin ma'anarta datti ce, amma Amurkawa na kiran ƙasa da ita, har hanyar da ba kwalta su ce dirt road.

Haka karin magana, hannu ba ya taimaka maka, sai ka riƙe su. Dirt cheap, araha kamar kyauta. Clear as mud gatse ne, wato ba a fahimci komai ba, don Allah kada ka yi godiya in an gaya maka.

Wadda ta fi burge ni mudslinging, jifa da taɓo. Yarfen siyasa ke nan, daidai yadda muke faɗa.