Yadda ɗalibi Kirista zai samu gurbin hidima a aikin sulhu da adalci

Duk lokacin da aka yi dogon hutu, ko malaman jami'a suka shiga yajin aiki, sai 'yan zumuntar ɗalibai su same ni bayan sujada da tambaya iri ɗaya: suna son yin aikin zaman lafiya, ta ina za su fara? Yawancinsu idonsu na kan Abuja ko ƙasar waje. Ni kuwa nakan ce, ƙanena, ƙanwata, ƙofar tana kusa da gidanku, kuma ta ƙasa ake shiga. Ga hanyar kamar yadda na san ta.

Na farko: ka san wane aiki kake nema

Abin da ake kira aikin sulhu ba iri ɗaya ba ne. Akwai sasanta manoma da makiyaya, akwai zama da waɗanda rikici ya raba da gidajensu ana jinyar zuciyarsu, akwai bin shari'ar talakawan da ke jiran hukunci a gidan yari shekara da shekaru, akwai sa ido lokacin zaɓe, akwai tattara rahoton abin da zai iya tayar da fitina tun kafin ta tashi. Ka duba abin da kake karantawa. Mai karatun lauya ya fi amfani a Hukumar Taimakon Shari'a, wadda aka kafa a 1976 domin waɗanda ba su da kuɗin lauya, ko wajen masu hidimar gidan yari. Mai karatun jarida ko kwamfuta zai iya riƙe rahotanni. Mai koyon aikin jinya ko halayyar ɗan Adam, wurinsa na sansanin 'yan gudun hijira.

Na biyu: ka fara da ikkilisiyarka

A nan ɗalibai suka fi yin sakaci. Idan kai ɗan Katolika ne, dayosis ɗinka na da ofishin adalci, ci gaba da zaman lafiya, wanda kowa ya sani da JDPC. Fada na cocinku zai iya haɗa ka da su cikin sati guda. Idan kai ɗan EYN ne, to gadonka ne: wannan ikkilisiya, da aka fara a Garkida a 1923, tushenta na cikin Ikkilisiyar 'Yan'uwa ta Amurka, ɗaya daga cikin ikkilisiyoyin da tun asali suka ƙi yaƙi. Mafi yawan 'yan matan Chibok da aka sace a 2014 'ya'yanta ne, kuma a wannan shekarar ta 2014 aka kai hari hedkwatarta da ke Kwarhi, amma ba ta bar koyar da yafiya da jinyar zuciya ba. 'Yan ikkilisiyoyin COCIN da LCCN da HEKAN su tambayi sashen zaman lafiya na TEKAN, wato tarayyar da ta haɗa ikkilisiyoyin nan, a Jos.

Ka je wurin fasto ko Rabaran da kanka, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka faɗa masa abin da kake so, ka roƙi takardar shaida. Saƙon WhatsApp ba ya wadatarwa. A aikin nan amana ce jari, kuma babu mai sa baƙo cikin zaman sulhu sai wani babba ya tsaya masa.

Na uku: ka leƙa wajen coci

Ga ra'ayina, ɗalibin da ya yi dukan hidimarsa tsakanin Kiristoci 'yan'uwansa bai koyi sulhu ba tukuna, domin ba a sulhu da mutum ɗaya. Ka nemi wurin da za ka zauna ofis ɗaya da Musulmi, ku ci abinci tare, ku hau mota ɗaya zuwa ƙauye.

A Kaduna akwai cibiyar sasantawa tsakanin addinai da Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa suka kafa a 1995. Mutanen nan biyu sun taɓa jagorantar matasa masu gaba da juna. Wuye ya rasa hannunsa a rikicin 1992, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa, daga baya suka zama abokan aiki. A Jos akwai cibiyar tattaunawa, sulhu da zaman lafiya ta DREP da Akbishop Ignatius Kaigama ya kafa, da hukumar gina zaman lafiya ta jihar Filato da ta fara aiki a 2016. Jihar Kaduna ma ta kafa tata hukumar a 2017. A Abuja akwai Cibiyar Kukah, da cibiyar gwamnatin tarayya ta zaman lafiya da warware rikici. Ba kowace ke da tallar neman ɗalibai a kowane lokaci ba, don haka kada ka zauna jiran sanarwa a Facebook. Ka rubuta takarda ka kai da hannu.

Na huɗu: takardar neman gurbi

Shafi ɗaya ya isa. Ka faɗi sunanka, makarantarka, watannin da kake da su, daga yaushe zuwa yaushe. Sannan ka faɗi abin da za ka iya yi ranar Litinin da safe: buga takarda, rubuta bayanan taro, tuƙa babur, ɗaukar hoto. Abin da ɗalibai ke mantawa, alhali shi ya fi daraja, shi ne harshe. Idan kana jin Hausa da Fulatanci, ko Berom, ko Tyap, ko Bura, ko Margi, ka sa shi a layin farko. Ofis na iya cika da masu digiri a rasa mai fassara maganar tsohuwa daidai.

Kada ka cika takardar da wa'azi. Sun san ayar masu ƙulla zumunci kafin a haife ka.

Idan kwas ɗinka yana da zangon sanin makamar aiki na SIWES, ka tambayi mai kula da shi a sashenku ko za a amince da wurin da ka zaɓa, tun kafin ka fara cika littafin rahoto. Idan kuma bautar ƙasa ce ke gabanka, ƙungiya na iya rubuta wa NYSC takardar neman a turo mata kai, matuƙar jihar aka kai ka. Ka karɓi takardar kafin a fita daga sansani.

Na biyar: ku yi maganar kuɗi da tsaro tun farko

Yawancin guraben nan na sa kai ne. Wasu na ba da kuɗin mota, wasu ko shi babu. Ka tambaya a fili, ba abin kunya ba ne: ina zan kwana, wa zai biya mota idan aka fita ƙauye, wa zan kira idan wani abu ya faru? Ka sanar da iyayenka ainihin inda za ka. Ɗalibi ba ya shiga garin da aka yi rikici jiya shi kaɗai, komai zafin zuciyarsa, kuma ƙungiyar kirki ba za ta tura shi ba.

Na shida: idan ka samu, ka shiga da kunne

Makonninka na farko za su ƙare a jera benci, rubuta sunayen mahalarta, raba ruwan leda. Kada ka raina wannan. Ni kaina a nan na yi kuskuren da har yau nake tunawa. An ba ni shirya zama tsakanin matasan unguwanni biyu, na sa shi ranar Juma'a da ƙarfe ɗaya na rana, don lokacin ne na gama lacca. Benci ya cika gefe ɗaya, ɗaya gefen babu kowa. Wasu daga cikin namu har sun fara cewa ai dama ba sa son zaman lafiya. Dattijon da ke kula da ni bai yi mini faɗa ba. Ya ce, ɗana, kai za ka zo taro ranar Lahadi da ƙarfe tara? Washegari ya sa ni na bi gida-gida ina ba da haƙuri. Tun daga ranar, kafin in sa lokacin taro nakan duba lokacin salla, in tanadi buta da tabarma, in tambayi wanda zai yanka naman da za a ci.

Ka kuma koyi rubuta rahoto. Idan ba ka gani da idonka ba, ka rubuta wanda ya faɗa maka, da lokacin da ya faɗa. Kada ka rubuta sunan ƙabila ko addini a matsayin mai laifi; ka rubuta abin da ya faru, a ina, mutum nawa. Na ga yadda saƙon murya guda ɗaya, na cewa an tare hanya ana kashe mutane, ya sa kasuwa ta watse cikin minti goma, alhali tayar mota ce ta fashe. Wanda ya kira mutum biyu a ɓangarori biyu kafin ya tura saƙo ya riga ya yi rabin aikin.

Akwai iyaka kuma da dole ka riƙe. Ka shiga ne a matsayin Kirista, ba wanda ya ce ka ɓoye bangaskiyarka, amma zaman sulhu ba filin bishara ba ne. Ranar da mutane suka ga kamar an kira su taro ne don a juya su, amanar shekara goma ta rushe. Abin da gwauruwa ta faɗa tana kuka a ɗakin taro kuwa, a ɗakin zai tsaya. Ba ya zama shaida a zumunta, ba ya zama hoto a waya.

Za ka ji labaran da za su hana ka barci. Ka samu mutum ɗaya, fasto ko babbar yaya a zumuntar mata, da za ka riƙa sauke nauyin a wurinsa.

Na bakwai: ƙasar waje, idan lokacinta ya yi

Guraben suna nan. Ƙungiyar agaji ta MCC ta Kiristoci Menonawa, wadda ta daɗe tana aiki daga Jos, tana da shirin YAMEN da ke tura matasa 'yan shekara 18 zuwa 30 hidimar shekara guda a wata ƙasa. Majalisar Ikkilisiyoyi ta Duniya da ke Janeba takan ɗauki matasa su yi hidima a manyan tarurrukanta. Duka biyun ta hannun ikkilisiya ake bi, kuma tambayar da za su fara yi ita ce me ka yi a gida. Wanda ya ce ka tura kuɗi asusunsa zai samo maka gurbi da biza, ɗan damfara ne.

Kafin ka bar duk inda ka yi hidima, ka karɓi takardar da ta bayyana watannin da ka yi da aikin da ka riƙe, da sa hannu da hatimi. Ka ajiye lambar wayar mutum biyu daga ɗaya ɓangaren, waɗanda za ka iya kira da tsakar dare idan ka ji ana cewa gari ya ɗauki zafi.